Ƙwan da Tamba Ya Yanke

Akwai wani mutum a Badariya, sunansa Tamba. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma ya je karɓo motarsa wurin Maigandi mai wayarin, wanda ya sa mata sabuwar ƙwaƙwalwa bayan tsohuwar ta ƙone.

Tamba na sauri ne don washegari zai kai surukinsa Malam Hodi garin Argungu wurin wani ɗaurin aure. Malam Hodi ne waliyyin amarya, kuma za a ɗaura aure da an sauko Juma'a. Tamba ya riga ya hana shi shiga motar haya.

Yana zama ya ga wani ɗan jan ƙwan lantarki yana lilo a ƙasan sitiyari, an naɗe shi da salatif.

"Maigandi, wanga kuma mi na? Mota ta ko shagon mai shayi?"

"Malam Tamba, tsaya in yi maka bayani. Tsohuwar ƙwaƙwalwa ita ka tada altaneta, na'urar da ke cajin batir. Sabuwar ba ta iya ba. Shi ya sa na ja waya ta bi ta ƙwan ga, in ka murza makulli..."

"Ni na yi kimiyya a sakandare," in ji Tamba. Ya ja mota ya tafi.

Da safe ya wanke mota, ya fesa turare. Ya dubi ƙwan, ya ce ba za a ɗauki babban mutum da wannan abin kunya ba. Ya sa reza ya yanke shi. Ya murza makulli, mota ta tashi lafiya lau. Ya kira matarsa Asiya ta zo ta ga yadda masu wayarin ke ƙirƙirar aiki.

Shi da Malam Hodi suka kama hanya da na'urar sanyi da rediyo, har da manyan fitilu don a san ana rakiyar manya. Duk batir ke ɗauke da su, babu abin da ke cajinsa.

Suna wuce Ambursa rediyo ya fara shaƙewa. Sanyi ya ɗauke. Mota ta yi tari biyu ta mutu a gefen gonakin shinkafa.

"Tamba, mun iso?" in ji Malam Hodi.

"A'a Baba, hutawa take."

"To ni dai ban gaji ba."

Tamba ya buɗe gaban mota ya ƙura wa injin ido, ya bubbuga batir da dutse. Daga baya ya koma bayan wata bishiya ya kira Maigandi da ƙaramar murya.

"Ƙwan na kamawa in ka murza makulli?" Maigandi ya tambaya.

"Ƙwan... yana aljihuna."

Maigandi ya ce yana tafe.

Malam Hodi bai jira ba. Ya tsayar da wani mai babur da ya ɗauko buhun albasa, ya tattare babbar rigarsa ya hau kan buhun.

Maigandi ya iso da wani batir, ya haɗa wayar cikin minti biyar. Malam Hodi ya isa Argungu an riga an shafa fatiha, ƙanensa ne ya tsaya a madadinsa. A motar haya ya dawo gida.

Darasi: In mai sana'a ya fara yi maka bayani, bari ya kai ƙarshe. Abin da ka raina don ƙanƙantarsa wataƙila shi ke riƙe da sauran. Ku tura wa duk mai katse makaniki da "na sani".