Tunau da Irin Dawa

Tsofaffi sun ce tun ba a share hanyoyin ƙasar nan ba, an yi wani maharbi mai suna Tunau a wani ƙauye a bakin daji. Shi ake wa kirari da "Na Gwamma, baƙin kwari, mai sa ɓauna durƙuso." Gwamma mahaifiyarsa ce. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba.

Shekara biyu a jere fara ta cinye gonaki, yunwa ta kai mutane har suka daka irin da suka ajiye. Da rani ya raba, Gwamma ta kira shi.

"Ɗan nan, nama ba ya tsira a ƙasa. Kai ne mai ƙafa. Nufi kudu ka samo mana iri."

Kwana tara ya yi yana ratsa gonakin da ba komai sai kututture, da ƙananan garuruwa masu rumbuna a buɗe. Duk inda ya yi sallama, sai a ba shi ruwa a sunkuyar da kai. Daga nan ya shiga kurmi, inda itatuwa suka yi tsawon da kibiyarsa ba ta kai ƙarshensu. An ce birai ne suka riƙa nuna masa mashaya. Bayan kurmin ya iske garin manoma da giwa ta addaba, ya kashe ta da kibiya ɗaya. Sarkin noma ya cika masa taiki da dawa, wata tsohuwa kuma ta jefa masa 'yan ƙwayoyi a kwari don albarka.

A dawowa raɓar kurmi ta jiƙa taikin. Tunau ya ji warin danshi. Hanya ɗaya ya sani ta hana abinci lalacewa. Ya kafa itace, ya hura wuta, ya yi wa irin banda kamar yadda yake wa nama, yini biyu cur, har ya yi ƙamshi.

Ya iso da saukar ruwan farko. Mata suka yi guɗa, gari duka ya fita shuka. Kwana biyar, kwana goma, ko tsiro babu. Gwamma ta tono ƙwaya ɗaya ta tauna. Ta juya ga Tunau.

"Wuta ta taɓa shi?"

"Inna, don kada ya ruɓe ne."

"Ka yi iya saninka," in ji ta.

Ba wanda ya zage shi. Gida-gida suka ɗaure kaya suka watse. Gwamma ba ta iya tafiya, kuma ba ta ga tsakiyar damina ba. Ranar da ya binne ta, ya zazzage kwarinsa zai kakkarya kibau, sai ƙwayoyi bakwai suka faɗo. Ya shuka su a gefen kabarin, duka bakwai suka tsira. Ya tsare su, ciyawa ce abincinsa, bai ci ko ƙwaya ba. A shekara ta huɗu ya cika rumbu, ya aika fatake ko'ina su kira mutanensa. Ko mutum ɗaya bai dawo ba. Baƙi ne suka zo suka zauna da shi.

Garin shi ne Kara Bakwai. Har yau maharbi ba ya taɓa iri a can, kuma ba a shuka sai tsohuwar gari ta tauna ƙwaya ɗaya ta ce, "Yana da rai."