Rumfar Stan da Brent Ya Rushe

Ranar Talata ce. Dusar ƙanƙara na zuba a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada tun asuba.

Akwai wani mutum, Stan Kowalchuk, ɗan shekara hamsin da takwas. Yana rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa manoman alkama aiki. Ba shi da yawan magana. Kusa da teburinsa akwai Brent Friesen, wanda Stan ya koya wa aiki shekara shida.

A wannan watan shugabarsu, Marlene, ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa kujera ɗaya za ta rage tsakanin su biyun. Za ta duba aikin kowa.

Ga yadda aikinsu yake. Ba wanda ke taɓa babbar manhajar kai tsaye. In ka yi gyara, sai ka buɗe takardar neman a haɗa shi, ka sa sunan abokin aikin da zai duba maka. Da ka buɗe, na'ura za ta tayar da kwafin manhajar na wucin gadi a kan manyan kwamfutocin haya, da adireshinsa, don a gwada. Kamar rumfar kasuwa ce. Muddin takardar na buɗe, rumfar na tsaye. In an rufe ta, na'ura ta kwashe komai.

Sati uku Stan ya yi yana gina hanyar da manomi zai kama layin sauke alkama daga wayarsa, maimakon ya jera tirela cikin sanyi. Ya zauna ya cika rumfarsa da sunayen rumbuna da lokutan motoci, ɗaya bayan ɗaya, har ta zama kamar ta gaske. Sannan ya sa sunan Brent a matsayin mai dubawa.

"Ka duba min, ɗan nan?"

"Haba tsoho, ina kai. Akwai 'yan kurakurai. Kada ka nuna wa Marlene tukuna, kada ka sha kunya."

"Wane kuskure?"

"Zan rubuto maka. Sha kofinka kafin ya huce."

Kwana tara bai rubuto ba. Stan kuwa bai matsa ba, don ya yarda da shi.

Ashe Brent ya riga ya je wa Marlene da maganar cewa yana da sabon abu, kuma ta kira mutanen ƙungiyar manoma su zo su gani ranar Talatar nan. Abu ɗaya ya dame shi: a ƙasan kowane shafi na rumfar, na'ura na rubuta sunan mai takardar.

Saura minti ashirin a shiga taro, ya kwafe aikin Stan, ya buɗe takarda da sunansa, ya rufe ta Stan. Ya ga sabuwar rumfa ta tashi. Bai leƙa ciki ba.

Manoma uku sun zauna, hulunansu a kan tebur. Brent ya buɗe adireshin a babban allo. Shafi ya fito, amma wayam. Ba rumbu, ba mota, ba lokaci. Na'ura gini kawai take tayarwa. Kayan ciki da hannu Stan ya zuba su, kuma sun tafi tare da tsohuwar rumfar.

Wani dattijo cikin manoman ya ce, "Samari, awa biyu na yi a kan hanyar nan mai santsi. Farin bango na zo kallo? Ina da shi a gida."

Marlene ta leƙa waje. "Stan, zo ka taimaka wa Brent, abinsa ya ƙi."

Stan ya shigo. Ya dubi allo. Ya gane kowane maɓalli, har da koren da ya sauya wa wuri sau uku. Ya karanta sunan da ke ƙasa. Ya dubi Brent, Brent ya dubi takalminsa.

Stan ya zauna, ya sake buɗe takardarsa, ya jira minti huɗu rumfa ta tashi. Yana da ajiyar sunayen a kwamfutarsa, ya zuba su. Ya nuna wa manoman yadda za su kama layi. Dattijon nan ya gwada da wayarsa, ya ce, "To, yanzu aka yi magana."

Marlene ba maɓallai take kallo ba. Sunan da ke ƙasa take karantawa, da ranar da aka fara buɗe takardar.

Da aka tashi, Brent ya tare Stan a wurin ajiye motoci, ya same shi yana kankare ƙanƙara daga gilashin motarsa.

"Baba Stan, tsaya mana. Gobe Marlene za ta tambaye ka. Ka ce tare muka yi."

"Tare?"

"Tagwaye gare ni, ka sani. Kai 'ya'yanka sun girma."

"Da ka roƙe ni, da na sa sunanka kusa da nawa."

"To yanzu ina roƙonka."

"Kurakuran da ka ce ka gani fa? Guda nawa ne?"

Stan ya juyo ya dube shi.

"Ko ɗaya?"

"Babu."

Stan ya gama kankare gilashinsa, ya shiga mota.

Washegari ya zo ƙarfe bakwai. Ya rataye rigar sanyinsa, ya wuce ofishin Marlene tun kafin ta kira shi. Ta ce ya zauna, ya ce a tsaye ma ya isa.

"Brent ya ce tare kuka yi."

"Shekara shida ina koya masa aiki. Abin jiya ba ni na koya masa ba."

Ya fito, ya zauna a teburinsa, ya kunna kwamfuta. Bai dubi kujerar da ke gefensa ba.

Darasi: Wanda ya miƙa maka aikinsa ka duba, amanarsa ya miƙa maka. Kana iya kwafe abin da mutum ya gina, amma ba ka iya kwafe wahalar da ya zuba a ciki, kuma ranar nuni ita za a nema. Ku tura wa abokan aikinku wannan labarin, musamman wanda kuke zama tebur ɗaya.