Dutsen da Irmiya Ya Saya a Bakin Hanya

A wani gari na bakin teku an yi wani mutum mai suna Irmiya, wanda ya yi marmarin kiwon kifayen teku a cikin gidansa. Ba kifin miya ba, ƙananan nan masu launi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗanda suke zama a tsakanin murjani, halittar nan mai kama da tsiro ta ƙarƙashin teku. Sai ya tafi wurin wani dattijo, Baba Zakka, wanda ya tsufa a wannan sana'a, ya roƙe shi ya nuna masa abin da zai saya.

Baba Zakka ya zaɓa masa akwatin gilashi mai kauri, da famfon da zai riƙa motsa ruwan gishiri, da mataci, da fitilar da murjani yake so. Ya ba shi farin yashi wankakke na shimfiɗawa a ƙasa, da duwatsun teku masu ramuka inda kifi zai fake, da murjani, da kifayen kansu. Sa'an nan ya ce masa, "Ɗana, in famfo ya lalace za ka ji ya yi shiru, ka sake wani. Dutse kuwa ba ya gaya maka abin da yake cikinsa. Duk wanda ka samo, ka fara ajiye shi a baho dabam, ka sa masa ido har ka tabbata, kafin ya shiga akwatin."

Irmiya ya yi yadda aka ce, kifayensa kuwa suka yi lafiya, murjani ya buɗe. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo.

Ana nan, wata rana yana dawowa daga aiki, ya ga wani mutum a bakin hanya da dutse a cikin bokiti. Bai taɓa ganin dutse mai kyau irinsa ba, ga launi, ga ƙofa a tsakiya wadda kifi zai ratsa. Ya saya. Da ya isa gida ya tuna da maganar baho, amma ya ce a ransa, "Baƙi suna zuwa ran Lahadi. Dutse ne kawai." Ya ɗauraye shi, ya kafa shi a tsakiyar akwatin.

Kwanaki suka shuɗe lafiya lau. Sai wata safiya ya duba, babu wani shuɗin kifi daga cikin kifayensa. Ya leƙa bayan duwatsu, ya duba ƙasan ɗaki ko tsalle ya yi, babu gawa, babu ko ƙaya. Ba a jima ba wani ya ɓace, bayansa wani. Waɗanda suka rage suka taru a lungu ɗaya can sama, suna karkarwa, suka ƙi saukowa.

Matarsa Afiniki ta tsaya ta dube su, ta ce, "Maigida, kifayen nan ba ciwo suke yi ba. Tsoro suke ji. Akwai abin da suke gani a ƙasa."

Amma Irmiya ya ce, "Ruwan ne." Ya sake ruwa, ya sake mataci, har fitila ya sauya. Abu ɗaya ne bai taɓa ba. Duk lokacin da ya wuce akwatin, sai ya kau da idonsa daga dutsen.

Ran nan da safe yana zuba abinci, yunwa ta ci ƙarfin wani kifi mai ruwan ɗorawa, ya bi ƙwayar abinci har ƙasa. Sai yashi ya tsage a gindin dutsen. Wani abu dogo kamar igiya, mai ƙafafu barkatai da baki kamar almakashi, ya fizge kifin ya koma da shi. Yashi ya kwanta, ruwa ya yi tsit, kamar ba a yi kome ba.

Irmiya ya dubi hannunsa. Ya tuna sau nawa ya tsoma hannunsa a wurin nan, sau nawa matarsa ta tsoma nata tana goge gilashi. Ko takalmi bai sa daidai ba, ya sheƙa gidan Baba Zakka.

Dattijon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Wane dutse ka ƙara?"

Irmiya ya sunkuyar da kai, ya faɗa masa.

"Tsutsar teku ce," in ji Baba Zakka. "Ta shigo tana siririya kamar zare. Kifayenka ne suka yi kiwonta."

"Baba, ba wani magani da za a zuba?"

"Abin da zai kashe ta zai kashe murjaninka. In kuma ka ja ta ta tsinke, guntun da ya rage yana iya rayuwa. Sai an fitar da dutsen an fasa."

"Baba, shi ne ya fi kyau a cikinsu duka."

"Na sani, ɗana. Ko shi, ko kifayen."

Suka koma gida tare. Irmiya ya ɗaga dutsen, ya kai shi tsakar gida, ya sa masa guduma. Tsutsar ta zubo tana murɗawa, tsawonta ya fi damtsen mutum. Afiniki ta yi ihu ta ja da baya. Suka kwashe yashin kaf, suka tankaɗe, suka wanke. Kifayen da suka tsira ba su kai rabi ba, an kuwa daɗe kafin su yarda su sauko ƙasa.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Akwatin gilashin zuciyarka ce, gidanka ne kuma. Kifayen su ne kyawawan abubuwan da Allah ya danƙa maka: bangaskiyarka, salamarka, amanar da ke tsakaninka da iyalinka. Dutsen kuwa shi ne duk abin da ka shigar domin ya yi maka kyau a ido, ba ka gwada shi da Maganar Allah ba, ko aboki ne, ko ɗabi'a, ko abin da kake kallo a wayarka. Zunubi ba ya shigowa da girmansa. Yana shigowa ƙarami, ya ɓuya, ya yi ta ci a hankali, sai ka farka ka ga addu'a ta ɓace, haƙuri ya ɓace, ba ka san ranar da suka tafi ba.

Da yawa a cikinmu mun san inda ɓarnar take, amma muna ta gyara waɗansu abubuwa don kada mu taɓa abin da muke ƙauna. Kada ka jira sai ya kama hannun matarka ko na 'ya'yanka. Ka kawo shi gaban Ubangiji Yesu yau, ka faɗi sunansa, ka rabu da shi ɗungum. Zai yi zafi, amma Ubangiji mai jinƙai ne, zai kuwa raya abin da ya rage.