Gizo da Soron Zanzaro

"Ku matso kusa, ga ta nan gare ku."

"Ta iso mu ji ta, Iya."

A wani gari da rana ke ƙuna tun hantsi, an yi wata Zanzaro mai 'ya'ya huɗu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a bukka. Da ta ga zafin bazara na neman kassara mata yara, sai ta ɗaura ɗamara. Ta haƙo jar ƙasa, ta kwaɓa da yankakkiyar ciyawa, ta bar kwaɓin ya jiƙu mako biyu. Ta dunƙula tubali, ta ta da bango mai kauri. Ta jera azarar giginya, ta yi rufin soro, ta shafe shi da makuba don kada ruwa ya ratsa. Ta buɗe 'yan tagogi masu fuskantar juna, ta kafa indararo a bakin rufi, ta kuma bar wata tsohuwar darbejiya tsaye a yamma da gidan. Da tsakar rana, in ka shiga ɗakin, sai ka ce cikin randa ka shiga.

Maƙwabcinta Gizo kuwa ɗakin kwano gare shi, sama kwano, gefe kwano, yana taƙama da ƙyallinsa. Bazara na yi, ɗakin ya koma tanda. Kullum Gizo na zaune a ƙofa yana fifita, yana jin dariyar 'ya'yan Zanzaro daga cikin soro, abin na cin ransa.

Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka je ta koya maka mana. Ƙasar nan ba saye ake yi ba."

Gizo ya ce, "Ni zan durƙusa wa mace ta koya mini gini? Ba koyo nake so ba, gidan nake so."

Sai ya tafi wurin Dila, alƙalin garin, ya raɗa masa cewa in ya ba shi gidan Zanzaro, zauren gidan zai zama wurin ƙailularsa kullum. Washegari aka kira Zanzaro gaban jama'a. Gizo ya rantse shi ya gina gidan, ita ruwa kawai ta ɗebo masa.

Zanzaro ta ce, "Allah gafarta Malam, a tambaye shi kwana nawa kwaɓi ke yi kafin a dunƙula shi."

Dila ya ce, "Ba makaranta muka zo ba. A garin nan ba a taɓa jin mace ta ɗora azara ba, abin da ba a taɓa ji ba kuwa bai faru ba. Gida na Gizo ne."

Duk waɗanda ke wurin sun gan ta da idonsu a kan bango, laka har wuya. Babu wanda ya tanka.

"Iya, ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya, Hajo. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa."

Zanzaro ta kwashe 'ya'yanta ta koma filin da ke yamma da gidan, ta kafa rumfa, ta sake haƙa ramin kwaɓi. Damina na tafe, ita kuwa ba ta da rufi. Gizo ya tare a soro, ya miƙe ƙafa, ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba.

Amma da safe ya leƙa, ya ga inuwar darbejiya ta faɗa kan wurin da Zanzaro ke dunƙula tubali. Ya kira Ƙoƙi, ya ce, "Dubi, inuwata take sha."

Ƙoƙi ta ce, "Ta rage maka ne? Da yamma ai kanmu take dawowa."

Gizo ya ce, "Ko ba ta rage ba, tawa ce."

Ya ɗauko gatari ya sare bishiyar. Daga ranar, rana ta riƙa dukan bangon yamma har faɗuwarta, ɗaki ya fara ɗumi.

Bayan kwana uku ya sake leƙawa, ya ga 'ya'yan Zanzaro zaune a gindin bango, iskar da ta ratsa ɗakin tana fitowa ta taga tana kaɗa su. Ya ce, "Ƙoƙi, yanzu kuma iskata suke sha."

Ƙoƙi ta ce, "Iskar da ta gama da kai ta fita? Maigida, ka ji tsoron Allah."

Ya kwaɓa laka ya liƙe tagogin yamma. Iska ta zo shiga, ta ga ba mafita, ta fasa. Ɗaki ya yi turnuƙu, gumi ya dawo wa Gizo sabo.

Ana nan aka yi ruwan farko. Gizo ya leƙa, ya ga ruwan indararo na zuba daidai cikin ramin kwaɓin Zanzaro, ya hutar da ita zuwa rafi. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya tattaro tsummoki ya hau tsani.

Zanzaro ta ɗaga kai ta ce, "Malam Gizo, na yi shiru a kan bishiya, na yi shiru a kan taga. Wannan kam kada ka taɓa. Soro ba ya riƙe ruwa a kansa."

Gizo ya ce, "Ruwan ne ya yi miki daɗi, maƙwabciya. Gidanki ne?"

Ya toshe indararo duka, ya danne da laka. Ƙoƙi ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin kwano, ta ce gara zafi da kabari.

Aka kwana biyu ana ruwa, rufi ya zama tafki. A rana ta uku, bayan azahar, Dila ya zo ƙailula kamar yadda ya saba. Yana cikin minshari, ƙasar rufi ta jiƙe ta yi nauyi, kan bango ya narke, azara ta zame, zaure ya rufto. Gizo ya tsere ta ƙofa, Dila kuwa azara ta danne masa ƙafa.

Jama'a suka taru, aka rasa wanda ya san itacen da za a fara ɗagawa kada sauran su biyo. Zanzaro ce ta nuna musu ɗaya bayan ɗaya, har aka jawo alƙali, rawaninsa duk taɓo.

Dila ya ce, "Wanda ya yi wannan mugun gini zai sha bulala ɗari, a kore shi daga garin nan. Ina maginin?"

Gizo ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ko tubali ɗaya ban taɓa dunƙulawa ba. Ita ta gina shi, daga tushe har rufi. Kowa ya sani."

Dila ya juya ga Zanzaro. Ita kuwa ba ta ko ƙifta ido ba. Ta ce, "Malam, zaɓi naka ne. In mace ba ta ɗora azara, ga magininka nan, a kawo bulala. In kuwa ni na gina, to gidana ka ƙwace ka ba wanda ya toshe masa indararo, ka kuma kwanta a zaurensa. Wanne za ka faɗa a gaban mutanen nan?"

Sai wata tsohuwa ta ce ita dai ta ga Zanzaro a kan bango. Wani ya ce shi ma ya gani. Kafin a jima, gari duka ya tuna abin da ya gani. Aka sauke Dila daga buzun shari'a, Gizo kuwa ya ɗare kusurwar rufin wani, inda yake raɓe har yau.

Zanzaro ta sake kwaɓa ƙasar da ta zube, ta tsamo azararta, waɗanda suka yi shiru dā suka yi mata gayya, ta rufe soronta kafin tsakiyar damina. Darbejiyar ce kawai ba ta dawo ba. Sai da ta dasa wata, ta jira shekaru.

To, ku riƙe wannan. Mai hassada ba samu yake nema ba, rashin wani yake nema, ko da rufin kansa zai tafi a ciki. Kuma in an zalunci mutum a gabanku, ku yi magana ran nan, kada ku jira sai gini ya faɗi.

Ƙungurus, na sauke ta a kan kusu.