Kurege Mai Tallar Daddawa

Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne!

Ta iso, muna saurare!

Kurege ne ya je birni ya dawo da waya a hannu da lasifika a kafaɗa. Ya hau kan turmi a tsakiyar kasuwa ya ce, "Ni na koya wa zakara talla! Ko toka aka ba ni, kafin azahar ta ƙare!"

To, a kasuwar akwai Gwaggo Bushiya mai daddawa. Rumfarta na can ƙurya, ciniki ya ja baya. Toron Giwa, sarkin kasuwa, ya ce in kasuwa uku ta ci rumfar ba mutane, Kura mahauciya zai ba.

Kurege ya ji tausayi, don Gwaggo ta sha ba shi ruwa. Ya ce, "Gwaggo, share hawayenki."

Ta ce, "Ɗan nan, ka dai san daddawa?"

"Haba Gwaggo! Ni fa birni na je."

Alhali shi gyaɗa kaɗai ya sani. Ko tuwo aka ba shi gaya yake ci.

Kasuwa ta farko ya ce, "Warin nan ne ke korar mutane." Ya naɗe daddawa cikin leda mai ƙyalli, ya ɗaure tamau. Matan da ke bin ƙamshi su zo suka shaƙa, suka shaƙa, shiru. Suka ce Gwaggo ta tashi, suka wuce.

Kasuwa ta biyu ya ce, "Yanzu a waya ake ciniki." Ya ɗauki hoton ledar, ƙyas, ya watsa duniya. Jimina ta ɗaga yatsa, Kada ya ɗaga yatsa, har aljanin tsamiya ya rubuto, "Kai, ta yi kyau! Mece ce?"

Gwaggo ta ce, "Yatsun nan, ana miya da su?"

Kurege ya sosa ƙeya.

Kasuwa ta uku ya dubi abin nan baƙi, mulmulalle, ya ce a ransa, ai wannan alewa ce. Ya naɗi muryarsa a lasifika, ya rataye ta can ƙololuwar reshe. Ta yi ta maimaitawa: "Alewar Gwaggo! Zaƙi kamar zuma! Alewar Gwaggo! Zaƙi kamar zuma!"

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kashe abin nan!" Ina! Birai sun ji. Suka yo ca, suka yage leda, suka gatsa, suka tofar, suka sa kuka. Kasuwa ta ruɗe.

Sai ga Toron Giwa, ƙasa na girgiza. Ya ce, "Bushiya, yaudara a kasuwata? Kwashe kayanki!"

Gwaggo ta fara naɗe tabarma. Kurege ya dubi hanyar raminsa, ya dubi Gwaggo. Ya kasa gudu.

"Ranka ya daɗe, muryata ce."

"To, kai da ka ce zuma ce, bisimilla."

Kurege ya ɗauki guda ya jefa baki. Ido ya kawo ruwa, wutsiya ta miƙe tsaye.

"Da zaƙi?"

"Ranka ya daɗe... zaƙin na can ƙasa, ban iso shi ba tukuna."

"Ƙara."

Ana cikin haka wari ya gama kasuwa. Zabuwa ta ɗaga kai ta ce, "Ashe Gwaggo na nan! Miyata sai ka ce ruwan wanki tunda ta ɓace!" Mata suka cika rumfa har Kura ta rasa wurin tsayuwa. Toro ya ce rumfa ta Gwaggo ce.

Kurege kuwa yana tsakiyar fili yana tauna ta uku, hawaye shaɓe-shaɓe, kasuwa na dariya, lasifika a bisa kansa ba ta fasa ba: "Zaƙi kamar zuma!"

Ƙurunƙus, na ɗora ta kan ɗan ɓera, ya ruga da ita rami. Kowa zai yi wa kaya kirari, ya fara ɗanɗanawa.