Duniyar da Ake Ruwan Ƙarfe

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku nutsu," in ji Iya Tambai.

Yara suka ce, "Ta zo mu ji ta, Iya, kunnuwanmu naki ne."

Wani maƙeri ne sunansa Jatau, da matarsa Marka, maginiyar tukwane. Sai wata shekara tama ta ƙare a garinsu. Tama ita ce dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Aka haƙa gabas, babu. Aka haƙa yamma, babu. Fartanyun gari duk sun cinye, sai ƙotoci. Ga hadari ya fara leƙowa. Manoma su zo bakin maƙera su yi cirko-cirko. Jatau ya kasa cin tuwo.

Sai wata tsohuwar mikiya da ke kan kukar bayan gari ta kira shi. Ta ce, "Maƙeri, na san inda ƙarfe ke zuba kamar ruwan sama. Can cikin taurari akwai wata tauraruwa, ita ma rana ce irin tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da ita. A gindinta akwai wata ƙatuwar duniya. Ba ƙasa a cikinta, ba dutse, iska ce zalla da hayaƙi. Ta liƙe wa ranar nan, kafin kasuwa ta sake ci ta gama kewaya ta. Fuskarta kullum a wuta, ƙeyarta kullum a duhu. A fuskar ƙarfe ke zama tururi, iska ta koro shi ƙeya, ya sauko. Zan kai ka, amma ban yi alkawarin dawo da kai ba."

Jatau ya ce, "Na yarda."

Marka ta ce, "Maigida, ƙafarka ƙafata."

Ya ce, "Marka, in mun ƙone mu biyu fa?"

Ta ce, "Gara haka da in zauna ina kallon sama."

Sai ya ɗauki ƙwarya, da salkar fata, da awartakinsa na kama ƙarfe mai zafi. Ita kuwa ta goya tukunya. Suka hau mikiya. Suna tafiya, suna tafiya, har ranarmu ta koma kamar ƙwayar gero. Sai zafi ya fara dukan fuskokinsu. Sai ga ƙatuwar duniya ta cika gabansu, ja wur, iska na ruri a cikinta.

Mikiya ta raɓa ta wajen duhu. Sai wata murya ta taso daga hayaƙin, ta ce, "Su wane ne?"

Jatau ya ce, "Baƙi ne, ranki ya daɗe. Ƙarfe muke roƙo."

Muryar ƙatuwar duniyar ce. Ta ce, "Ku ɗiba ku gudu. Ni ma da can nesa nake, cikin sanyi. Ɗumi na zo ji. Na matso, na ƙara matsowa, yanzu rana ta riƙe ni, tana yagar jikina kaɗan-kaɗan."



Mikiya ta kurɗa inda ƙarfe ke zuba. Jatau ya tara ƙwarya. Ɗigo ɗaya, ƙwarya ta zama toka. Suka fito da gudu.

Mikiya ta sake kurɗawa. Jatau ya tara salka. Ɗigo ɗaya, salka ta ƙanƙance ta kama da wuta. Suka fito, gashin mikiya na ƙauri.

Mikiya ta ce, "Saura sau ɗaya. Fukafukaina ba za su ɗauki na huɗu ba."

Marka ta kwance tukunya ta miƙa. Ta ce, "Wannan ta riga ta sha wuta a hannuna."

Jatau ya kama bakin tukunya da awartaki, suka kurɗa. Ƙarfe ya zuba, tas, tas, tas. Tukunya ta riƙe. Ta kai rabi.

Marka ta ce, "Maigida, ya isa."

Ya ce, "Mutanen gari da yawa. Kaɗan dai."

Ta ce, "Ya isa!"

Ya ce, "Iya Mikiya, matsa gaba, can ya fi zuba."

Mikiya ta matsa. Tukunya ta cika maƙil. Sai mikiya ta buga fiffike ta tashi, ta kasa. Ta sake bugawa, ta kasa. Nauyi na jan su ƙasa, ƙasar kuwa babu, sai hayaƙi a ƙarƙashin hayaƙi. Ga bakin hasken ranar nan yana matsowa kamar wutar daji.

Mikiya ta ce, "Ku rage nauyi, ko mu tafi duka!"

Jatau ya dubi tukunya, ya dubi matarsa. Ya ce, "Marka, karɓi awartaki. Ki kai ƙarfen gida, ba a rasa maƙeri a wani gari." Sai ya zura ƙafa ɗaya zai saki kansa.

Marka ba ta karɓa ba. Sai ta cafki tukunyar nan da hannu biyu, ga ta ja wur kamar garwashi, ta tuntsurar da ita. Ƙarfe ya tsiyaye cikin hayaƙi. Mikiya ta yi sama fir. Sai a lokacin Marka ta ƙwalla ƙara.

Suka iso gida ana yayyafin farko. Abin da ya maƙale a gindin tukunya bai wuce dunƙulen hannu ba. Mutane suka taru. Wani ya ce, "Ɗan wannan kuka je ɗaukowa?"

Jatau ya ɗaga hannuwan matarsa, yatsu duk sun naɗe. Ya ce, "Ga kuɗinsa." 

Sai ya ƙera 'yan fartanyu. Wannan gida ya yi noma da safe, ya miƙa wa wancan da yamma. Ba su yi yalwa ba, amma ba a binne kowa don yunwa ba. Marka kuwa ba ta ƙara gina tukunya ba. Kullum Jatau ke yanko tuwo, ya hura, ya sa mata a baki.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan kusu. In an ce maka ya isa, to ka tsaya, don ba kullum ne wanda ya ɗebo da zafi yake ƙonewa shi kaɗai ba.