Hanyar Bature da 'Ya'yan Fara

Akwai wani mai gari a wani ƙauye kusa da Tsamaye, a zamanin Turawa, ana kiransa Na'Allah. Duk majiya ƙarfin garinsa ba su wuce mutum arba'in ba.

Wata safiya da damina, gero ya soma fid da kai, sai ga Illo, dogarin uban ƙasa. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Mai gari, jibi Bature Di'o zai biyo ta nan daga Isa zuwa Sabon Birni. Ruwa ya cinye hanya wajen rafi. An ce ka fid da mutanenka duka, a cike ta kafin motarsa ta iso."

Na'Allah bai kai ga amsawa ba, sai ga Yero, wani Bafillace mai kiwo a bayan gari, ya shigo yana haki.

"Mai gari, 'ya'yan fara na gani a fadama, baƙi ƙirin, ƙasa kamar tana tafiya! Ba su yi fiffike ba tukuna. Gonakinku sunka nufo, gobe war haka sun shiga."

Kowa ya san maganinsu ɗaya ne: a haƙa dogon rami a gabansu, a koro su ciki da rassan itace, a binne. In an makara, gero ya tafi.

Illo ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, kada ka ja wa kanka. Wanda motar Bature ta kafe a ƙasarsa, rawaninsa bai kwana."

Na'Allah ya san gaskiya ce. Ya yi tunanin raba mutanen biyu, amma ya ga ashirin ba su cike hanya, ashirin ba su tare fara. Sai ya ɗaga kai.

"Illo, koma ka gaya wa uban ƙasa na ji, kuma ban ƙi ba. Tsofaffi za su tara duwatsu da kirare a bakin rafi. Ni za ni fadama da sauran. In mun binne fara, mu zo hanya. Kada ka ɓoye mai komai."

Gonar Na'Allah ce ta fi kusa da fadama. Da ya ga mutane suna nauyin sa mata fartanya, sai ya karɓi ɗaya ya fara sare geronsa da hannunsa. Nan aka ja ramin. Matarsa Rahmatu ta fito da matan gari, kowace da reshe, Yero ya kira 'yan rugarsu. Yini biyu ana kora ana binnewa, hannuwa duk sun yi kanta.

Ran na uku da hantsi suka ruga hanya, amma motar ta riga su. Ta kafe cikin laka har ƙofa. Bature na tsaye, fuska ja wur, tafinta na ta zuba faɗa. Su Na'Allah suka tura motar ta fita, Bature ya shiga ya wuce.

A makon nan aka kira Na'Allah Isa, aka tuɓe masa rawani a gaban jama'a. Ya dawo gida da hula kawai.

Da kaka ta yi, ƙauyukan da suka bar fara suka tafi aikin hanya ba su ɗaure ko dami goma ba. Garin Na'Allah kuwa rumbuna suka cika, har maƙwabta na zuwa da jakuna neman hatsi. Uban ƙasa ya aiko a zaɓi sabon mai gari, dattawa suka ce ba su da wani. Ya sake aikowa, amsa ba ta sauya ba.

Daga ƙarshe uban ƙasan ya zo da kansa. Ya zaga rumbuna. Sannan ya dubi Na'Allah ya ce, "Ni na ji tsoron Bature, kai ka ji tsoron yunwa. Kai ka yi daidai. Zo in naɗa ka."

Darasi: In ayyuka suka yi wa shugaba rubdugu, ya fara da wanda in ya wuce ba ya gyaruwa, ba wanda ya fi ƙarar murya ba, kuma ya faɗa wa na sama gaskiya ko da za ta ci kujerarsa. Ku tura wa duk wanda Allah ya ɗora wa jagorancin jama'a.